Furen Da Ya Yaga Yadi

Ranar da Auta, 'yar ƙanena mai kirana Gwaggo, ta fara aiki a kamfanin injinan ɗinki, kujera mai gurguwar ƙafa aka ba ta. Wani dogon saurayi ya taso ba a kira shi ba, ya naɗe kwali ya cusa a ƙarƙashi.

"Zauna, yanzu ba za ta kayar da ke ba."

"Kai ne kafintan ofis?"

"A'a, ni harshe nake ƙerawa."

Gaskiya ya faɗa. Dogo, haka kowa ke kiransa, shi ke gina harshen kwamfutar da ake ba injin umarni da shi ya yi ado a jikin yadi. A ciki akwai abin da suke ce wa makro: ka rubuta "fure" kawai, kwamfuta ta warware shi ya zama dogon jerin umarni. Dogo ke rubuta makro, Auta ke tsara ado da su.

Kafin wata ya zagayo wayarta ba ta hutawa da saƙonnin Dogo.

"Zumata, kin ci abinci, ko in kai ƙararki wajen Gwaggo?"

"Na ci, malam. Ka ji da harshenka."

Sai masifa ta faɗo. Aka ɗora yadin wata mai shago a kan inji za a yi masa fure, allura ta yi ta dukan wuri ɗaya har ya yage. Saƙon kuskure a allon kwamfuta ya nuna layin umarnin da Auta ta rubuta. Manaja bai tambayi komai ba, ya dakatar da ita a gaban ma'aikata, wai ba ta iya aiki ba. Yarinyar da ko maɓalli ba ta taɓa ɗinkawa a karkace ba! Ɗan manajan kuwa, wanda ta daɗe da ce wa a'a, ya bi ta har bakin titi yana cewa Dogo ne ya kai sunanta wajen manaja.

Ubanta ya ce, "Namijin da ya ɓuya a bayanki tun yanzu ba zai tako min gida ba."

Dogo ya turo saƙo: "Hasken idona, ban kai sunanki ba. Amma ba zan ce ki yarda da baki kawai ba. Ki ɗan jira ni."

Ba ta amsa ba. Ni na hana ta.

Ashe harshen nasa, in kuskure ya faru a cikin makro, wanda ya yi amfani da makron yake nunawa, ba wanda ya rubuta shi ba. Dogo ya sa kwamfuta ta baje yadda take warware "fure", mataki bayan mataki. Ga abu ƙuru-ƙuru: makronsa na maimaita umarnin da aka miƙa masa, shi ya sa allura ke komawa inda ta riga ta huda.

Ya tara kowa, ya juya musu allo.

"Oga, layinta lafiya lau yake. Nawa ne ya lalace. In kora ce, ni za a kora."

Daga nan gidanmu ya nufo, ya durƙusa gaban ƙanena, ya kwashe labarin ya faɗa masa. Ƙanena ya tambaye shi:

"Da ka gyara a ɓoye, wa zai sani?"

"Babu kowa, Baba. Amma da ta ci gaba da zargin kanta, kuma da ita nake son in zauna."

Ƙanena ya ce, "Turo manyanka."

Da yamma Auta ta rubuta: "An ce in koma aiki. In an sake kuskure, wa harshen naka zai nuna?"

"Mai shi, zumata. Na gyara."

"To, na yafe. Saura Gwaggo."

Ni ai ba da shi nake ba. Ranar ɗaurin aure manaja ya zo da babbar riga, ya ci ya sha, ya miƙe zai fita. Na tare ƙofa.

"A gaban mutane ka wulaƙanta ta, a gaban mutane za ka ba ta haƙuri."

Ya waiga hagu, ya waiga dama, babu mai cetonsa. Ya bayar, da ƙarfi, don na ce ban ji na farko ba.

Sannan na kama hannun Auta na damƙa wa Dogo. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka, 'ya'yana, Ya raba ku da ɗaukar laifin wani.