Layi Tara Cikin Burtali

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Irmiya. Shiru kawai na ce ka yi..."

A bayan majami'arsu ta Dakoro Rifkatu ta tare shi, bayan an tashi daga koyon waƙa, tana murɗa gefen gyalenta kamar za ta yage shi. Saura mako uku aurensu. Irmiya na jingine da babur, ƙafafunsa duk taɓo, don daga rugage ya fito. Shekara biyu ke nan da ikilisiya ta tura shi aikin bishara can. Yana kai marasa lafiya gun likita, yana karanta wa makiyaya takardun hukuma, in an kira su shari'a ya raka su.

Wannan karon shari'ar ta faɗo cikin gidansu Rifkatu. Shanun wani Bafillace mai suna Samba sun ci gero a gonar mahaifinta, Baba Jimrau, dattijon ikilisiya. Baba ya kama saniyar tatsa guda ya ɗaure a gida. Ita kaɗai ce mai nono a garken, 'ya'yan Samba uku ke sha daga jikinta. Samba kuwa ya dage cewa shanunsa ba su bar burtali ba, gonar ce ta shigo hanyar shanu. Gobe maigari zai je ya duba, Irmiya zai tsaya wa Samba. Baba ya ce in Irmiya ya buɗe baki, ya zo ya kwashe kayan aurensa.

"Abar ƙaunata," in ji Irmiya a hankali, "na taka wurin nan da ƙafata. Turken simintin da ke nuna iyaka ba ya layi ɗaya da 'yan'uwansa."

"To ni fa? Ni ina layi da wa?"

Ya ce mata jiya ya tarar da matar Samba tana dama wa ƙaraminsu gari da ruwa zalla, yaron na ture ƙwaryar. Ya ce in ya yi shiru gobe, bai san da wane baki zai sake yi musu addu'a ba.

"Ka zaɓe su ke nan."

"Rifkatu, ke ce zuciyata. Amma..."

Ba ta tsaya jin sauran ba.

A gida ta kasa zama. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta jiƙa wanki ta manta da shi. Saniyar na tsakar gida tana kuka tun la'asar, hantsarta ta kumbura. Mahaifiyarta, Inna Cindo, ta gwada tatsarta sau biyu, ko ɗigo ba ta samu ba, ta ce shanun Fulani ba sa sakin nono sai sun ga ɗan maraƙinsu. Baba ya ce a bar ta, yunwa za ta koya mata hankali.

Rifkatu ta dubi mahaifinta, wuyansa duk jijiya, tafin ƙafarsa ya tsattsage. Akwai abin da Irmiya bai sani ba, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Damina uku da suka wuce, shekarar da rumbunsu ya ƙare tun kafin bazara, har Inna ta kwanta jinya, Baba ya haƙe turken nan ya matsar da shi cikin burtali. Ita ke riƙe masa gorar ruwa. Da ruwan shuka ya sauka, shi ke gaba da sungumi, ita ke bin bayansa tana zuba iri tana rufewa da diddige. Layi tara. Geron nan shi ya riƙe su har Inna ta tashi.

Yaya za ta tona mutumin da ya yi haka don kada su kwana da yunwa? Yaya kuma za ta zauna tana jin kukan saniyar nan?

Washegari da hantsi aka taru a gonar, kan hanyar Kornaka. Maigari ya zo da wani ma'aikacin magajin gari mai riƙe da takarda. Samba ya saɓa sanda a kafaɗa, idonsa jajawur. Rifkatu ta biyo da fura, ta raɓe gindin aduwa.

Irmiya ya yi bayani, ya taka, ya ƙirga, ya nuna. Bai yarda ya dubi inda Rifkatu take ba. Ma'aikacin ya juya takardarsa ya ce ruwa ya cinye zanen, ba abin da ake gani. Maigari ya yi dariya ya ce takun saurayi mai shirin aure ba ma'auni ba ne, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Mutane suka dara. Sai maigari ya juya ga Baba Jimrau, ya ce shekara talatin bai taɓa kama shi da ƙarya ba, ya faɗa masa: turken nan, nan yake tun farko?

Baba ya gyara hula. Ya ce nan yake.

Samba ya sauke sandarsa ya tsuguna, ya dafe kai. Maigari ya fara cewa tun da haka ne, saniya ta zama ta mai gona...

Rifkatu ba ta san lokacin da ta ajiye ƙwaryar ba. Ta ratsa maza, ba ta nufi maigari ba, gaban mahaifinta ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa.

"Baba, ka gafarce ni. Ni na bi bayanka da iri."

"Tashi, ɗiyata. Rana ta taɓa ki."

"Layi tara ne, Baba. Na ƙirga su ranar nan, kuma kullum ina ƙirga su. Na san don mu ka yi... amma 'ya'yan Samba ma ci suke yi."

Irmiya ya yi taku ɗaya zai zo gunta, ya tsaya. Baba ya daɗe yana kallon geron da ya fara bunni. Can ya cire hularsa, ya ce wa maigari yarinyar ta faɗi gaskiya. Ya ce a aika gida a kwance saniyar, kuma ran Lahadi zai tsaya gaban ikilisiya ya ajiye dattijantakar da kansa.

Samba ya ce shi bai zo don a kunyata tsoho ba, a bar geron ya nuna, shanu su kewaya bana. Baba ya girgiza kai. Ya ari galma ya fara haƙa gindin turken. Ya sara sau biyar numfashinsa ya sarƙe, Irmiya ya miƙa hannu.

Baba ya dube shi sama da ƙasa, kana ya sakar masa ƙotar.

Sai da aka maida turken raminsa na da, mutane suka watse, sannan Rifkatu ta matso tana sharar hawaye.

"Baba..."

Bai waiwayo ba.

"Ranar auren ni zan miƙa ki da hannuna," ya ce, muryarsa a dushe. "Yaron bai yi mani laifi ba, ke ma haka. Amma yau kada ki yi mani magana, Rifkatu. Ba ni iya kallon idonki."

Irmiya ya tada babur ya ce ta hau ya kai ta. Ta girgiza kai, ta ɗauki ƙwaryar furar da ba wanda ya sha, ta bi mahaifinta da ƙafa har cikin gari, tana kuka ba sauti.