Sifana Mai Lamba Sha Biyar

Ruwan sama ne irin na garin Dokkum, wanda ba ya zuba da ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, sai dai ya yi ta yayyafi har sanyi ya ratsa ƙashin mutum. A cikinsa Jitske ke durƙushe a filin hukumar gari, tana kankare laka daga jikin kekunan da aka tsamo daga kogi. Yatsunta duk sun tsattsage, bayanta kamar zai ɓalle, burodi da cukun da ta ƙunso tun safe sun jiƙe sharkaf. Allah sarki! Yarinyar da a da ake jiran layi don ta taɓa wa mutum keke, yau ita ce ke wanke ruɓaɓɓun ƙarafa, masu wucewa suna kau da kai. Ta gaji... irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ta zura hannu a aljihun rigar aikinta kamar yadda ta saba, ta ji wayam, sai hawaye suka gauraye da ruwan da ke fuskarta.

Abin da hannun ke nema sifana ce mai lamba sha biyar, ta mahaifinta marigayi Wiebe, mai gyaran keke na bakin gada. Tun tana shekara huɗu uwarta ta rasu, don haka a shagon ta girma, cikin ƙamshin giris da warin gam ɗin faci. A bangon akwai allo, kowane kayan aiki an zana siffarsa da farin fenti a inda ake rataye shi: filaya, sukurdireba, ƙarfen cire taya, ɗan mabuɗin ɗaure wayoyin ƙafar keke. Amma duk cikinsu babu wadda Wiebe ke ji da ita kamar sha biyar ɗin nan, mai ɗaure notin ƙafa da feda. Ta taɓa faɗuwa bakinta ya ɗan ɓantare, tun daga ranar duk notin da ta ɗaure sai ta bar masa tabo kamar ƙwayar gero. An sha ce masa ya sake sabuwa, ya ce a'a, wannan ne sa hannunsa. Abin da ya tsana kuwa shi ne sifanar nan da ake murzawa ta buɗe baki ta kama kowane noti. Kayan malalata yake kiranta, don tana cinye kusurwar noti ba ta ɗaure shi ba.

Jitske na shekara goma sha tara zuciyar Wiebe ta tsaya, yana kan kujerar aiki. Ya bar wasiyya cewa shagon nata ne ranar da ta samu takardar ƙwarewa, kafin nan ƙaninsa Tjerk ya riƙe mata, kuma shi ne zai sa hannu a takardar. To, an ba kura ajiyar nama! Shekara biyu Baffa Tjerk na zaune da kofinsa yana karanta jarida, ita ce buɗe shago, ita ce shara, ita ce faci, ita ce gyara abin da ya ɓata. Duk sanda ta yi maganar takarda sai ya ce da sauranta. Ta yi haƙuri, don ba ta da kowa sai shi.

Sai ranar wata Talata da ya aike ta karɓo kaya a birnin Leeuwarden. A bayanta Inna Sietske, tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin garin, ta kawo kekenta a sake mata tayar gaba. Tjerk ya sake, ya ɗaure da sifanarsa mai buɗe baki, ya ɗauki katin aikin da ke ɗauke da sunan Jitske don ƙiwar rubuta nasa ma yake yi. Kwana biyu bayan haka, tsohuwar na gangarowa daga kan gada, ƙafar gaba ta fice... Ta faɗi kan duwatsun titi, ƙugunta ya karye.

A gaban mutane cike da shago Tjerk ya ɗaga katin sama. Ya ce ya daɗe yana rufa wa yarinyar nan asiri, ba ta iya komai ba, ga shi ta kusa yin kisan kai. Jitske ta rantse ba ta ga keken ba ma, amma wa zai ji? Ga sunanta a rubuce. Ya miƙa hannu ya ce ta ba shi kayan shago.

"Baffa, don Allah ka bar mini wannan kaɗai," ta ce, tana ƙanƙame da sifanar mahaifinta. "Ka riƙe shagon, ka riƙe takardar. Ita ce abin da ya rage mini na Baba."

"Ke da ƙarfe kuma har abada," ya ce, ya fizge sifanar. "Je ki nemi aikin wanke kwanuka."

Wata biyar ke nan. A coci benci ya zama nata ita kaɗai, a gidan burodi a miƙo mata ba a ɗago kai ba. Ta je asibiti duba Inna Sietske sau biyu da furanni, aka ce mara lafiya na hutawa. Kullum addu'arta ɗaya ce: ya Ubangiji, kai ka san abin da hannuna ya taɓa da abin da bai taɓa ba.

Ran nan da take durƙushe cikin ruwan, wani tsoho ya tsaya a kanta da laima, yana riƙe da keke. Baba Douwe ne, yayan Inna Sietske, wanda ya yi shekara arba'in yana aikin ƙarfe a wurin ƙera jiragen ruwa. Ya ce ƙanwarsa ta dawo gida, ta sa shi ya gyara keken a sayar tunda ba za ta ƙara hawa ba, shi kuma ya ga wani abu da ya hana shi sukuni. Ya ce ta tashi ta bi shi. Ba ta da ƙarfin tambaya ma, ta bi shi kawai.

Ƙarfe goma ne, lokacin shan kofi, suka tarar da shagon cike da mutane. Douwe ya jingina keken, ya ce wa Tjerk ya kawo masa sha biyar ɗin Wiebe. Tjerk ya yi dariyar yaƙe, ya ce tsohon ƙarfe ne, yana cikin durom ɗin shara. Tsohon ya naɗe hannun riga ya tono ta da kansa, duk ta yi tsatsa. Ya ɗauko sabon noti ya ɗaure da ita, ya nuna wa kowa tabon. Ya nuna notin ƙafar baya na keken ƙanwarsa, wanda Jitske ta ɗaure bara: ga tabo, ga noti daram. Mutane suka fara leƙa nasu kekunan a waje, wannan ya ce ga shi a nawa, wancan ma ya ce ga shi. Sannan Douwe ya ciro notin gaba daga aljihu ya ajiye kusa da kofin Tjerk. Babu tabo, kusurwoyinsa shida duk an cinye su.

"Tjerk, mene ne wancan a aljihunka na baya?"

Kowa ya juya ya duba. Kan sifanar mai buɗe baki ne ya leƙo, kamar kullum. Tjerk ya fara in-ina, ya ce sauri yake ranar, ya ce ai kowa na kuskure... Bakinsa dai ya gama da shi. Wata mata ta ajiye kofinta ta fita, saura suka bi ta, kowa ya tura kekensa.

Ba a yi wata guda ba ƙungiyar masu gyaran keke ta karɓe masa izinin koyarwa, lauyan da ke riƙe da wasiyya ya karɓe mabuɗin shagon. Tjerk ya bar garin a motar safe, babu ko mutum ɗaya da ya raka shi tasha. Wani gwani daga Leeuwarden ya zo ya jarraba Jitske, ya sa hannu a takardarta tun kafin ta gama ɗaura ƙafa ta biyu.

Ranar da ta buɗe shagon, Douwe ya turo Inna Sietske a keken guragu. Tsohuwar ta kama tsattsagaggun yatsun nan tana kuka, ta ce, "'Yata, ni na fara riƙe hannun nan ranar da kika zo duniya, amma na yarda da abin da aka faɗa a kansa. Ki yafe mini." Jitske ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Ta goge sifanar da tsumma da mai har ta yi haske, ta juya za ta rataye ta a kan farin zanen da ya yi wata shida babu komai a cikinsa. Sai tsohuwar ta ce ta dakata tukuna, ƙafar hagun keken guragun nan na ɗan girgiɗi tun daga asibiti, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Jitske ta share ido, ta durƙusa, ta ɗaure notin. Da ta ɗaga sifanar, ga tabon nan kamar ƙwayar gero.