Rogo Mai Ɗaci

Goggona Ladiyo ce ta fara ba ni wannan labari. Wai a wata shekarar yunwa, 'yammata suka haƙo rogo a tsohuwar gona. Cikinsu akwai baƙuwa, baƙa wuluk, 'yar wata ƙabila. Ta ce, "Wannan mai ɗaci ne, in ba a jiƙa ba yana kisa."

Suka ce, "Ji gawayi na magana! Ke za ki koya mana rogo?"

Wata yarinya ta dafa nata. Ƙaninta yana kuka, yana miƙo hannu. Ta tuna dariyar, ta tuna gargaɗin baƙuwar. Yana kuka, yana miƙo hannu. Ta buge hannun, suka kwana da yunwa.

Gidajen ƙawayenta kuwa, amai da salati aka kwana yi.

Da safe ta ɗora sauran rogonta a ka, ta ratsa gari kowa na kallo, ta yi sallama a ƙofar baƙuwar.