Wayar Jan Ƙarfe a Akwatin Fiyus

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda: akwatin fiyus na wani gidan haya ya fashe, shagon telan da ke ƙasa ya ƙone, shi kuwa tela yana asibiti, hannayensa duk ƙuna.

Da Sufeto ya isa gidan, ya daɗe yana kallon bangon da akwatin yake. Ɗigon ƙarfe ne birjik manne da siminti. Fiyus na ƙwarai siririyar waya ce, wuta na yin yawa sai ta narke ta yanke. Wannan kuwa jan ƙarfe ne mai kauri, ya yi ta shan zafi har ya tafasa ya tarwatse.

Aka kawo mai gyaran wutar gidan.

"Ranka ya daɗe, wallahi sabo na saka jiya!"

"Jiya?"

"To... makon jiya. Tela na jona dutsen guga yake yankewa, har na gaji da zuwa."

"Wa yankewar ta fi damu?"

Mutumin ya ɗaga ido ya dubi bene.

A can Sufeto ya tarar da wata tsohuwa kwance, na'urar taimakon numfashi a mace a gefenta, mijinta yana yi mata fifita. Kan tebur ga rediyo, an buɗe bayansa an ciro waya.

"Baba, wa ya kwance rediyon nan?"

"Ni ce, ɗana," in ji tsohuwar, tana haki. "Ni na cusa wayar."

"Inna, akwatin yana hagu da ƙofa ko dama?"

"Hagu."

Tsohon ya yi murmushi, ƙwalla ta cika masa ido. "Ke dai har yau ba ki iya ƙarya ba." Ya juyo. "Ni ne, yallaɓai. Duk yankewar wuta sai na ga numfashinta zai tafi. Na ce bari in sa wadda ba za ta yanke ba. Yaya tela?"

"Zai warke. Ɗinki dai sai an jima."

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya miƙo hannaye. Sufeto bai taɓa ankwa ba. Ya sa Kofur ɗin da suka zo tare ya kira motar asibiti, suka zauna har ta iso.

Da aka zo fita da ita, ta riƙo rigar Sufeto.

"Ɗana, bai karya ba tun safe. Kuma kunya gare shi, ba zai tambaya ba."

"Na ji, Inna."

Ya kama gwiwar hannun tsohon, suka sauka matakala a hankali.