Ƙafar Gauraka

Magariba ta kawo jiki, matar mai zane tana kwashe shanya, sai wari ya buge ta. Ba na fenti ba ne, wanda ta saba da shi. Warin ruɓa ne, daga kejin da ke bayan ɗakin aikin mijinta.

Wata biyu ke nan da ya sayo gauraka, ya datse mata fiffike, ya ɗaure ƙafarta da waya don ta tsaya cik ya zana ta. A zanen ta fito fes, tana shawagi a kan tafki. A keji kuwa wayar ta ci nama, ƙudaje sun yi baƙi a kan mikin. Matar ta leƙa, ta kau da kai.

Daga ranar aka fara jifa a kan rufin kwano, ba a ganin mai yi. Gwangwanayen fenti suka cika da tsutsa. Rana ta huɗu suka tarar da 'yarsu a tsakar gida, tsaye da ƙafa ɗaya, wuya a miƙe, ido ba ƙiftawa.

"Baban yara," in ji matar, "dubi idon sawunta."

Ya kumbura, ga shatin waya ya kewaye shi.

Aka ɗauko malami. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta buɗe baki da muryar tsohuwa.

"A jikin tsuntsuwar nan nake zaune tun tana ƙwai. Ya ruɓar da ita, ya kuma zana ta tana murna."

"Me za a ba ki ki fita?" in ji malam.

"Hannunsa na dama."

"Ba ki samu. Faɗi wani."



"To ya kwance ta, ya wanke mikin da hannunsa, ya zana ta yadda take."

Mai zane ya durƙusa ya wanke mikin, ya zana ta har da ƙudajen. Yana ajiye buroshi yarinyar ta sulale ƙasa, ta kama barci. Jifa ta tsaya. Gaurakar ba ta kai mako ba ta mutu.

Bayan kwanaki wani mai sayen zane ya zo, ya tsaya gaban sabon, ya ce bai taɓa ganin aiki mai rai kamarsa ba. Akwai wani?

Matar tana bakin ƙofa tana jin amsar mijinta.

"Za a iya yi," ya ce, "in an samo tsuntsuwa."

Ta tofar da yawu, ta shiga ɗaki, ta fara naɗe kayan 'yarta da nata.