Murfin Rijiyar Madam Firisila

Zan fara da neman afuwa, domin wani ɓangare na labarin nan ya ɓace mini. Ban tuna ba ko a shekara ta dubu biyu da biyu abin ya faru ko da uku. Launin ƙofar gidan ma ya tafi, yau in ga shuɗi, gobe in ga kore. Tsufa ke nan. Abin da ya rage shi zan faɗa.

A lokacin ina koyar da Larabci a wata firamare, albashi kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Bayan rikicin da aka yi a Jos kowa ya tattara ya koma kusa da nasa, sai kuɗin haya ya hau sama. Ni da matata Hussaina da 'yarmu Salma mai shekara uku muna raɓe a ɗaki ɗaya gidan ƙanin matata a Anguwan Rogo. Shi kuma aurensa ya matso. Bai kore mu ba, yaro ne mai kunya, amma ya sayo fenti ya ajiye a bakin ƙofarmu.

Mako biyar ina bin wani dillali mai suna Labaran. Kullum ni ke biya mana acaɓa, zuwa da dawowa. Wani mai gida ya ce sai kuɗin shekara biyu a dunƙule. Wani ya ce ba ya son mai ƙaramin yaro. Wani ya tambayi aikina, da na ce malamin makaranta sai ya yi dariya ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Malam," ya rufe ƙofarsa. Na san nahawu, na san fiƙihu, amma babu wanda ya karɓe su a madadin kuɗin haya.

Wata ranar Laraba, ko Alhamis, Labaran ya kai ni can ƙarshen Dutse Uku, inda gidaje suke ƙarewa duwatsu su fara. Fulat ne, ɗaki biyu da falo, da ɗan tsakar gida, da rijiya. Mai gidan, Madam Firisila, tsohuwar nas ce da ta koma wajen ɗanta da zama. Ta yarda da kuɗin wata shida. Na ɗauka kunnena ne.

"Abu ɗaya, Malam," in ji ta. "Wannan rijiya, kar ka rufe shi. Ko da katako, ko da kwano."

"Me ya sa, Madam?"

"Haka babana ya bar shi. Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

Labaran ya taka mini ƙafa. Na ce na yarda.

Kwana uku da tarewarmu na dawo daga makaranta na tarar da Salma ta ɗora ciki a bakin rijiyar tana leƙe. Uwarta na shanya a baya. Na ɗauke ta. Duk uban da ya ga haka ya san abin da zai yi. Na tafi Tina Junction wajen wani mai walda, ya yi mini murfin ƙarfe mai kwaɗo. Na rufe, na jefa makulli a aljihu, na ce ai Madam ba ta da ƙaramin yaro.

Da magaribar ranar muka ji bugu. Uku, sai shiru. Uku kuma. Na ce masu fasa dutse ne.

Washegari Hussaina ta ce, "Malam, ba ka jin wari? Kamar jiƙaƙƙiyar laka da hayaƙin kananzir." Rani ne, ko'ina a bushe. Na ce mata bututun maƙwabta ne.

A rana ta uku aka kira sallar magariba, na duba randa babu ruwan alwala. Hussaina na yankan albasa a ƙofar kicin, Salma na goye a bayanta. Sanyin Jos ya fara sauka. Na ɗauki guga, na buɗe kwaɗon, na ɗaga murfin.

Iska mai ɗumi ta bugi fuskata, kamar numfashin mutane da yawa a ƙaramin ɗaki.

Na zura guga. Na naɗa ƙarshen igiyar a hannuna kamar yadda na saba tun ina yaro. Igiya ta tafi, ta tafi, ta ƙare. Ban ji guga ya taɓa ruwa ba.

Sai igiyar ta yi nauyi.

"Oga."

Raɗa ce, daga ƙasa.

"Oga, wa ke sama?"

Bakina ya amsa kafin hankalina. Na ce, "Ni ne."

"Ka rufe mu. Kwana uku."

Aka fizgi igiyar. Ƙirjina ya bugi bakin rijiyar, hulata ta faɗa ciki. Can ƙasa, nesa fiye da zurfin kowace rijiya, na ga 'yan fitilu suna motsi. Biyar, ko shida. Suna hawowa.

Na fara Ayatul Kursiyyu. Ni da na koyar da ita shekara ashirin, ta tsaya mini a tsakiya.

Ƙafafuna suka bar ƙasa.

"Sauko ka gani, Oga."

Sai na ji an riƙe wuyan rigata. Wuƙar albasa ta wuce gefen kunnena. Sau biyu Hussaina ta yanka, igiya ta tsinke, muka zube baya mu uku, Salma na ihu.

Mun saurara. Guga bai faɗa ruwa ba. Babu ƙarar komai.

Da safe na je wurin Labaran da hannu a ɗaure, inda igiya ta yanke ni. Na ce a mayar mini da kuɗina, zan tashi.

"Ka tashi ka je ina, Malam? Ai kai ka karya sharaɗi. In ma an ba ka, wa zai karɓi wata shida a garin nan? Ka gwada, ni dai na gaji da hawa acaɓa."

Madam Firisila ba ta yi faɗa ba. Ta duba hannuna, ta wanke ciwon da kanta, ta ce kuɗin ya riga ya shiga gyaran rufi. Ƙanin matata kuwa har ya gama fenti.

Saboda haka muka zauna. Na cire murfin na sayar wa mai gwangwan. Na kewaye rijiyar da shingen waya mai ƙofa, sama a buɗe, yadda Salma ba za ta kai ba. Ruwa kuma sai kafin la'asar muke ɗiba. Shekara huɗu muka yi a gidan, ba mu sake jin bugu ba. Hussaina dai ba ta ƙara shanya a tsakar gidan ba, kuma har ta rasu ba ta yarda mun yi zancen da dare ba.

Wani tsoho maƙwabcinmu, Baba Dung, wanda ya yi aikin kuza da ƙuruciya, shi ya ce mini ba rijiya ba ce tun asali. Ramin haƙar kuza ne. Ya ce a sana'arsu ba a rufe bakin rami muddin akwai mutum a ƙasa, kuma an taɓa samun wani oga da ya yi hakan bayan rami ya rufta, don kada aiki ya tsaya. Ni a karatuna matattu ba sa dawowa. Amma aljani yakan zauna inda aka yi zalunci, ya ari muryar wurin. Allah ne mafi sani.

Abu ɗaya na tabbatar da kaina. Bara na sa aka kai ni unguwar, na tambayi ɗan Madam Firisila, shi ke kula da gidan yanzu. Ya ce kowa a layin ya san labarin rijiyar, kuma shi da bakinsa yake gaya wa duk mai neman haya. Duk da haka tun da muka tashi fulat ɗin bai taɓa yin wata guda babu kowa ba. Wanda ke ciki yanzu malamin firamare ne, da 'ya'ya uku.