Sai Na Ukku Ya Faɗi

Shekara goma rabona da injin wasan faɗa na shagon Alhaji a Goronyo, tun da ruwan dam ɗin garin ya ci abokan wasana, Rufus da Yusha'u. Daren nan ruwan sama ya koro ni ciki, na tarar da wani yana bugawa, kansa a sunkuye.

"Zamna, Andrawus," in ji shi. "Ka san doka. 'Yan faɗa ukku-ukku, ba mai tashi sai na ukkunai ya faɗi."

Na zamna. Na yi ta dannawa kamar mahaukaci, maɓallan jiƙe, suna warin laka. 'Yan faɗana biyu suka faɗi.

"Don Allah, mi niy yi maka? Ina da iyali!"

Sai na lura janareta a kashe yake.

"Mu biyu mun faɗi," ya ce da muryar Yusha'u. "Saura wa?"